Babban Masallacin Kano: Tarihinsa, Tsarin Gininsa, da Haƙƙin Tsohon Masallaci a Kanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa, ya ke 'yar'uwa mai karatu, duk wanda ya taso daga Kantin Kwari ya shiga birni ta Ƙofar Mata, ya wuce marina ya miƙe, zai iske Babban Masallacin Kano a jikin Gidan Rumfa, da koriyar ƙubbarsa da hasumiyoyinsa 2. Mutane kan ji an ce masallacin ya haura shekara 500, sai su dubi siminti da fenti su rasa yadda za su haɗa maganar da abin da idonsu ya gani. Amsar ita ce, ginin da ke tsaye yau na ƙarni na 20 ne, amma Juma'ar da ake tsayarwa a cikinsa ta faro tun ƙarni na 15. Ga bayanin yadda aka yi, da yadda ginin farko yake, da abin da shari'a ta ɗora mana game da tsofaffin masallatai.

Tambaya: Yaushe aka fara gina masallaci a Kano?

Amsa: Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya danganta masallaci na farko da zamanin Sarki Yaji ɗan Tsamiya (1349–1385). A zamaninsa ne ya ce Wangarawa, malamai da fatake daga ƙasar Mali, suka iso Kano ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Suka kira sarki zuwa ga tsayar da salla, ya amsa, aka naɗa liman da ladan da alƙali da mai yanka daga cikinsu, aka gina masallaci a gindin itaciyar da mutanen gari suke girmamawa tun kafin zuwan Musulunci. Littafin ya nuna abin bai zo da sauƙi ba, domin masu tsohon addini sun riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da wurin, har sai da aka sa masu gadi.

Akwai kuma wani littafi, Aslul Wangariyyin, wanda ya nuna cewa Zaite ya iso ne a zamanin Sarki Rumfa, wato bayan Yaji da kusan shekara 100. Ko wanne aka ɗauka, malaman tarihi sun haɗu a kan cewa Wangarawa na cikin waɗanda suka kafa harsashin salla da karatu a Kano, kuma unguwar Madabo ta shahara da masallacinta da malamanta tun daga wancan zamani.

Tambaya: To wa ya kafa masallacin Juma'a?

Amsa: Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Shi ne ya gina gidan sarautar da ake kira da sunansa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa. A zamaninsa, wajen shekarar 1492, babban malamin nan Shehu Muhammadu bn Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya sauka a Kano. Ya rubuta wa sarki littafi a kan abin da ya wajaba ga masu mulki, wanda aka sani da Tajuddin. Tarihin Kano ya ambaci cewa wani sharifi malami da ya sauka a wannan zamani, wanda masana da yawa suka ce al-Magili ne, ya umarci Rumfa da ya gina masallacin Juma'a, ya sare itaciyar nan, ya gina hasumiya a gurbinta. Zuriyar al-Magili su ne Sharifan Kano masu sarautar Sidi Fari.

Ka lura da yadda aka tsara birnin: fada, da masallacin Juma'a, da kasuwa, duk a kusa da juna. Wannan ya nuna cewa mulki da ciniki suna ƙarƙashin salla, kuma ɗan kasuwar Kurmi zai iya rufe rumfarsa ya iso sahu kafin liman ya hau mumbari.

Tambaya: Sau nawa aka sake ginin?

Amsa: Ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da gyara, saboda haka an yi ta sabunta masallacin. Masana tarihi sun ambaci cewa an sauya masa wuri a zamanin Sarki Muhammadu Zaki (1582–1618). Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya kawo Malam Sulaimanu kan gadon sarautar Kano, sai Sarki Abdullahi Maje Karofi ɗan Ibrahim Dabo, wanda ya hau mulki a 1855, ya sake gina shi. Wannan ginin ne Turawa suka tarar lokacin da suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, kuma hotunan farkon zamanin Turawa sun nuna doguwar hasumiyarsa ta ƙasa mai kusurwa 4, mai faɗin gindi, tana tsukewa yayin da take yin sama.

A ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953) aka maye gurbin ginin ƙasa da na siminti, aka yi masa ƙubba da dogayen hasumiyoyi irin na masallatan Masar da Gabas ta Tsakiya. Shi ne wanda kake gani yau, tare da gyare-gyaren da aka yi ta yi masa. A cikin harabarsa ne aka kai hari da bama-bamai da bindigogi ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014, aka kashe masallata fiye da 100, Allah Ya karɓi shahadarsu. Duk da haka ba a daina Juma'a a cikinsa ba.

Tambaya: Da me magabata suke gina masallaci, kuma yaya ginin ƙasa yake ɗaukar rufi mai faɗi?

Amsa: Da abin da Allah Ya ajiye musu a ƙasarsu. Ana haƙo jar ƙasa a kududdufi, a jiƙa ta, a cakuɗa ta da ramno, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi ya bushe. Magini yana jera tubali kansa na kallon sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri sosai a ƙasa, ya riƙa raguwa yana hawa, domin nauyinsa ya zauna a kan gindinsa.

Ƙashin bayan rufin shi ne azara, wadda ake tsagowa daga gangar giginya. Tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cinta da sauƙi. Sai dai azara ɗaya ba ta iya ɗaukar rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kusan mita 2, alhali masallaci yana bukatar fili domin sahu. A nan gwanintar maginan Hausa ta bayyana. Sukan dasa azara a cikin bango ko ginshiƙi ta kowane ɓangare, su ɗaura wata a kanta da igiya tana ɗan karkata ciki, su ƙara wata, har na dama da na hagu su haɗu a sama, sannan a lulluɓe su da ƙasa. Wannan shi ake kira bakan gizo. Idan bakan gizo biyu ko fiye suka gitta juna, kamar sandunan da ake gittawa a bakin gugar rijiya, sai a ce ɗaurin guga, a kansa kuma ake ɗora tulluwa, wato ƙubbar Hausa. A saman wannan a jera azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daɓe.

Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa, don haka aka tanadar masa magani. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Rufi kuma a shafe shi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara. Kai da kake cinikin yadi, ka ga ashe abin da ya kwanta a gindin karofin masu rini, kamar na Ƙofar Mata, shi ne yake hana rufin masallaci yoyo. Sai indararo, wanda ake yi masa tsawo domin ya watsa ruwa nesa da gindin bango, da zankwaye a kusurwoyin sama. Bayan kowace damina a duba inda ruwa ya ci, a yi yaɓe.

Amfanin wannan gini ga mai salla a fili yake. Bango mai kauri yana jinkirta shigar zafi, sai masallaci ya yi sanyi da Azahar da La'asar a watannin bazara, ya yi ɗumi da Asuba a lokacin hunturu. Tagogi ƙanana ne kuma a sama, haske yana shiga ba tare da ya ɗauke hankalin masallaci zuwa waje ba. Idan kana son ganin bakan gizo da ɗaurin guga da idonka, ka shiga Gidan Makama, gidan tarihin da ke daura da fadar Kano, ka ɗaga kai ka dubi rufin soraye.

Tambaya: Akwai wasu masallatai da suka shahara da irin wannan gini?

Amsa: Wanda ya fi shahara shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846). Magininsa shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwani. Ya ɗora tulluwoyi a kan manyan ginshiƙai, ya haɗa su da bakan gizo iri-iri, ya ƙawata ginshiƙan da zane mai tudu da kwari wanda babu surar mai rai a cikinsa. A cikin harabar an yi wurin alwala a mashiga, an kuma yi ɗakin shari'a. Darajar wannan aiki ta sa aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, ƙarƙashin kulawar masanin gini ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski. Tun kafin wannan, Baturen Ingila Clapperton ya rubuta cewa a 1824 ya tarar ana gina masallaci a Sakkwato, shugaban maginan kuma Bazazzagi ne wanda mahaifinsa ya taɓa zama a Masar ya koyo wani abu na gini. Wannan yana nuna maka cewa hanyar aikin Hajji ta kawo ilimin gini kamar yadda ta kawo littattafai.

A Katsina akwai hasumiyar Gobarau, mai tsawon kusan mita 15, wadda ake dangantawa da ƙarni na 15. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar akwai masallacin da aka kafa wajen 1515, aka sabunta shi a 1844, hasumiyarsa ta ƙasa ta kai mita 27, kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Kada kuma ka ɗauka sana'ar ta mutu tun da: a garin Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Sauran Musulmin duniya ma haka suka yi, kowa da abin da ke hannunsa. Mutanen Malesiya, da yake ƙasarsu ta daji ce da ruwan sama mai yawa, da katako suka gina tsofaffin masallatansu. Masallacin Kampung Laut da ke jihar Kelantan, wanda ake lissafawa cikin mafiya tsufa a ƙasar, an ɗaga shi ne a kan turaku saboda ambaliya, rufinsa hawa-hawa ne mai tsini domin ruwa ya gangare, babu ƙubba a kansa. Bahaushe ya ji tsoron zafi da gara sai ya yi ƙasa da azara, Bamalaye ya ji tsoron ambaliya sai ya yi katako da turaku, alƙibla kuwa ɗaya ce.

Tambaya: Shin ƙubba da hasumiya da mihirabi sharaɗi ne ga masallaci?

Amsa: A'a. Ya tabbata a Sahihul Bukhari daga Abdullahi bn Umar (RA) cewa masallacin Manzon Allah (SAW) an gina shi ne da tubalin ƙasa, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa kuma zarbar dabino. Sayyidina Abubakar (RA) bai ƙara komai ba. Sayyidina Umar (RA) ya faɗaɗa shi da irin kayan da aka gina shi da su. Sayyidina Usman (RA) ya faɗaɗa shi sosai, ya gina bangonsa da ginshiƙansa da sassaƙaƙƙen dutse, ya rufe shi da katako mai kyau. Babu hasumiya a zamanin Annabi (SAW); Abu Dawud ya ruwaito cewa Bilal (RA) yakan hau kan gidan wata mata daga Banun Najjar ya kira sallar Asuba, saboda gidanta ya fi na kewayen masallaci tsawo. Mihirabi mai lanƙwasa kuwa, malaman tarihi sun ce ya shigo masallacin Madina ne lokacin da Umar bn Abdul'aziz ya sake gina shi a zamanin Halifa Walid bn Abdulmalik.

Saboda haka hasumiya da mihirabi da ƙubba hanyoyi ne na isar da kira, da nuna alƙibla, da faɗaɗa wuri. Halal ne a yi su, rashinsu kuma ba ya rage ladan salla. Masallacin ƙasa na unguwarku, wanda ladan yake hawa matakala ya tsaya a kan soro, ya fi kusa da siffar masallacin farko na Madina fiye da yawancin manyan gine-ginen yau. Game da ado kuma, an ruwaito cewa Umar (RA) ya gargaɗi mai ginin masallaci da ya guji ja da rawaya kada ya fitini mutane, Imamu Malik kuma ya ƙi a ƙawata bangon alƙibla da abin da zai shagaltar da mai salla.

Tambaya: Me ya sa birnin Kano ya daɗe da masallacin Juma'a guda ɗaya, kuma mene ne hukuncin Juma'armu a Fagge?

Amsa: Dalilin na fiƙihu ne. A mashhurin mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Khalil, ana tsayar da Juma'a ne a ginannen masallaci guda ɗaya a gari, idan kuma aka sami biyu, to Juma'a ta wanda aka fara yin ta a cikinsa ce, wanda malamai ke kira atiƙ, wato tsoho. Risalar Ibn Abi Zaid kuma ta nuna cewa zuwa Juma'a wajibi ne ga mutanen gari da wanda yake nisan mil 3 ko ƙasa da haka. Hikimar ita ce a tara Musulmin gari, sarki da talaka, attajiri da ɗan dako, a bayan liman ɗaya sau ɗaya a mako.

Fagge tun asali zango ne a bayan ganuwa, inda ayarin Azbinawa masu kawo gishiri da sauran fatake suke sauka, kuma tana cikin wannan tazara, don haka mutanenta birni suke shiga Juma'a. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, Kwarori suka buɗe kantunan yadi a wurin da ya zama Kantin Kwari, sai jama'ar Waje ta yi ta ƙaruwa har masallaci ɗaya ya kasa ɗaukar mutane. A zamanin Sarki Ado Bayero (1963–2014) aka buɗe Masallacin Juma'a na Fagge, daga baya wasu suka biyo.

Malamai, har da na Malikiyya na baya, sun halatta yawaita masallatan Juma'a idan akwai bukata, kamar ƙuncin wuri ko girman gari. Saboda haka Juma'arka a Fagge ko Sabon Gari ingantacciya ce in sha Allahu. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne buɗe sabuwar Juma'a saboda gaba ko son shugabanci alhali na kusa bai cika ba, domin wannan yana rushe hikimar da aka ambata. Ka tuna kuma, ya kai ɗan kasuwa, Allah Ya yi umarni a Suratul Jumu'a, aya ta 9, da a bar ciniki idan an yi kiran salla ranar Juma'a. A wurin Malikiyya, cinikin da wanda Juma'a ta wajaba a kansa ya ƙulla bayan kiran da ake yi liman yana kan mumbari, warware shi ake yi.

Tambaya: Na auna alƙiblar wani tsohon masallaci da waya, na ga ta ɗan karkace. Ina matsayin sallolin da aka yi a ciki?

Amsa: Alƙiblar Kano tana gabas maso arewa, kusan digiri 68 daga arewa, wato an bar tsakiyar gabas da kusan digiri 22 zuwa hagu. Magabata sun yi ijtihadi da mafitar rana da taurari. Abin da ake nema daga wanda yake nesa da Makka shi ne fuskantar jihar Ka'aba, kuma ƙaramar karkata ba ta ɓata salla. Sallolin da aka yi sun inganta, ba a rama su. Idan masana suka tabbatar karkatar mai yawa ce, sai a gyara sahu da layi ko shimfiɗa, da sanin liman da dattawan masallaci, ba tare da tayar da husuma ba. Wayar mutum ɗaya ba hujja ba ce a kan jama'a, domin ƙarfe da wayoyin lantarki da ke kusa suna iya karkatar da ma'auninta.

Tambaya: Ya halatta a rushe tsohon masallaci a gina sabo?

Amsa: Ya halatta idan akwai maslaha ta gaskiya, kamar ya yi wa jama'a kaɗan ko ana tsoron ya faɗi, kuma aikin Umar da Usman (RA) hujja ne a kan haka. Sai dai akwai abubuwa 4 da ya kamata ka riƙe.

Na farko, filin masallaci waƙafi ne. Ba a sayar da shi, ba a gadonsa, ba a yanki wurin salla a mayar da shi shago. Wannan ya fi shafar masallatan cikin kasuwa, inda kowane taku na ƙasa yake da tsada. Idan ana son shagunan da za su riƙa ɗaukar nauyin masallaci, a nemi fatawar malamai, a rubuta komai da shaidu, kuɗin kuma ya tafi inda aka ce.

Na biyu, rai yana gaba da gini. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a kan masallata suna sallar La'asar, mutane da dama suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Idan ka ga tsagewa a bango ko ginshiƙi, ko rufi yana yoyo, ko indararo ya toshe, ko ruwa yana kwanciya a gindin bango, ka sanar da liman da kwamiti a ranar. Idan masana suka ce akwai haɗari, a koma haraba da salla har a gyara.

Na uku, a ba da gyara ga wanda ya san ginin. Sau da yawa ana shafe bangon ƙasa da siminti da nufin alheri, sai ruwa ya sami ƙaramar kafa ya shiga, simintin ya hana shi bushewa, ƙasar ta riƙa jiƙa tana lalacewa a ɓoye, waje kuma yana kyau. Haka nan ɗora wa tsohon bango nauyin da ba a gina shi dominsa ba. Kano tana da Sarkin Gini da zuriyar magina, ga kuma injiniyoyi da masana gini a jami'o'i. A haɗa su su duba tare.

Na huɗu, kada a rushe masallaci mai lafiya don kawai ana jin kunyar ginin ƙasa, ko don a yi gasa da wata unguwa. An ruwaito daga Anas (RA) cewa alfahari da masallatai yana cikin alamomin kusantowar Alƙiyama. Idan jama'a ta yi yawa, sau da yawa ana iya barin tsohon ɗakin salla a faɗaɗa ta gefe ko ta baya, a fitar da wurin mata mai sutura da ƙofarsa da wurin alwalarsa. Idan kuma rushewar ta zama dole, a ɗauki hotuna, a auna, a rubuta sunan wanda ya gina da limaman da suka gabata, domin na baya su san waɗanda za su yi wa addu'a.

Allah Ya bayyana a Suratut Tauba, aya ta 18, cewa masu raya masallatanSa su ne waɗanda suka yi imani da Shi da Ranar Lahira, suka tsayar da salla, suka ba da zakka, ba su ji tsoron kowa ba sai Shi. Malaman tafsiri sun ce rayawar ta haɗa gini da gyara, ta kuma haɗa salla da zikiri da karatu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Usman (RA) cewa wanda ya gina wa Allah masallaci, Allah zai gina masa gida a Aljanna, kuma muna fatan wanda ya sayi azara ɗaya ko ya biya kuɗin yaɓe kafin damina ba zai rasa rabonsa ba. Ka tambayi dattawan unguwarku wa ya kafa masallacinku da yaushe, ka duba bangonsa da rufinsa kafin ruwa ya sauka, ka kuma cika sahunsa da Asuba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka gina mana masallatai, Ya sa mu cikin masu raya su. Allah ne Mafi sani.